Ranar da Na Tubar da Gawa

Komai zan iya mantawa a duniyar nan, ban da ranar da aka binne Ɗanlami. Amma kafin in kai ku can, bari ku fara sanin mai ba ku labarin, don ku iya auna zurfin faɗuwar da na yi.

Ni ne mutumin da a duk faɗin Rano da Kibiya ba a taɓa kayarwa a gardamar Littafi Mai Tsarki ba. Ranar aiki malamin firamare ne ni, ranar Lahadi kuma dattijon ikilisiya. Idan na buɗe baki, ayoyi layi suke yi suna jiran in kira su. Har yau ana ba da labarin yadda na yi wa wani mai gardama ruwan ayoyi a kasuwar Kibiya har ya rasa akuyar da ya zo sayarwa (gaskiya dai akuyar ce ta tsinke igiya tun kafin in fara, amma ban taɓa ganin dalilin gyara labarin ba). Fannin da na fi ƙwarewa kuwa shi ne 'yan Katolika. Ina da hujja a kan carbinsu, ina da wata a kan siffar Maryamu da suke ajiyewa a coci, ga ta faɗa wa limaminsu, wato Fada, zunubai, ga ta addu'ar da suke yi wa matattu. Duk inda na biyo, wuri ɗaya nake ɓullowa: ceto ta wurin bangaskiya yake, su kuwa sun kama ayyuka, saboda haka a ƙofar sama za mu yi musu sai wata rana.

Ɗanlami taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, Goggo Larai. Tare muka tashi a ƙauyenmu da ke tsakanin Rano da Kibiya, kwano ɗaya, bulala ɗaya, coci ɗaya. Da ya isa aure sai ya ga Sisiliya, 'yar katikis, wato mai koyar da addini a cocin Katolika na ƙauyen, ya aure ta, ya kuma koma can da sujada. Ni na ce mace ce ta ja shi da igiya. Shi ya ce ya zauna ne ya yi tambayoyi aka ba shi amsa ya gamsu. A kan wannan muka yi ta fafatawa har furfura ta fito mana.

Kun dai san taubashi, babu abin da ba ka faɗa masa. Idan na shiga gidansu na tarar da shi yana tsince albasa, sai in ce, "Mai gunki, an kwana lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan tawaye. Yaushe za ku gaji da yawo ku dawo gida?"

"Sha ruwan randa da kyau tun kana nan," in ce masa, "inda za ka babu mai sanyi."

Sai ya yi ta dariya har ya riƙe ciki, ya cika mini buhu da albasa in ɗaura a babur. Abin da ban taɓa kulawa da shi ba shi ne Goggo, tana gefe a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ita ba ta dariya. Goggo ba ta yi boko ba. A wurinta abin da dattijon ikilisiya ya faɗa shi ne abin da ke cikin Littafi. Sau ɗaya ta taɓa tare ni a soro ta ce, "Wai abin nan da kake faɗa wa ɗan'uwanka, wasa ne ko da gaske?" Ni kuma na gyara wuyan riga na ce, "Goggo, a rubuce yake." Na hau babur ɗina na tafi ina jin na yi wa'azi.

Damina ta tsaya ke nan ciwo ya kama Ɗanlami. Cikinsa ya kumbura, idanu suka yi rawaya, aka kwantar da shi a asibiti a Rano. Na je duba shi da rana bayan an tashi daga makaranta. Mutumin da ke ɗaukar buhun masara kamar matashin kai, ga shi nan duk ya zube, ana ƙara masa ruwa. Zuciyata ta karye, ni kuma idan zuciyata ta karye bakina ne ke kama aiki. Na hango carbinsa a kan ɗan akwatin gefen gado (nas ce ta cire shi daga hannunsa don ta sami jijiya, wannan na sani sarai). Na ce, "A'a! Mai gunki, yau carbi a ajiye? Ka tuba ke nan?"

Ya buɗe ido da ƙyar, ya yi ɗan murmushi. "Na tuba, Dattijo. Na bi Allah na bi ka, ka ƙyale ni in yi barci."

Maganar da muka yi ta ƙarshe ke nan. Washegari da hantsi aka aiko mini har aji cewa ya cika.

Da na isa ƙauye an riga an kawo shi gida. Samarin Katolika suna haƙa kabari a bayan cocinsu, ana jiran Fada. Ƙofar gida ta cika: ga su, ga namu, ga maƙwabta Musulmi da Mai unguwa a kan tabarmi. Ko makaho ne kai za ka gane wa ke gaisuwa. Na Katolika su ce, "Allah ya jiƙansa." Namu su ce, "Allah ya ba ku haƙuri," su tsaya nan, don mu ba ma yi wa mamaci addu'a. Ina zaune ina share ido sai aka ce Goggo na kira.

Na same ta ita kaɗai a ɗaki, ta miƙe ƙafa, idonta a bushe. Matan gidan sun ce tun da aka faɗa mata ba ta yi kuka ba, ba ta sha ko ruwa ba. Ta ce in saki labule.

"Kai ka ce a rubuce yake," ta ce. "Yanzu da nake zaune a nan, ɗana yana cikin wuta?"

Jama'a, ayoyin nan masu yin layi, ko ɗaya ban gani ba. In ce e, na kashe tsohuwa. In ce a'a, to me na yi shekaru ina faɗa? Ta zuba mini ido tana jira. A nan ne dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutum idan Allah ya so ya tona masa asiri.

"Goggo, kwantar da hankalinki. Jiya da bakinsa ya ce mini ya tuba. Carbin ma ya ajiye shi."

"Da kunnenka ka ji?"

"Da kunnuwana biyu."

Ku lura fa, har zuwa nan ban yi ƙarya ba, rabin magana kawai na ɓoye. Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma na ga fuskarta ta fara saki, ni kuma ban iya ba da labari babu gishiri ba. Na ce ya kama hannuna. Na ce hawaye sun zubo masa. Na ce har ya roƙi in rera masa waƙar da muke yi muna yara a cocinmu, muka rera tare (mutumin da ko ruwa ba ya iya haɗiya). A lissafina maganar za ta tsaya a ɗakin, Goggo ta sami abin riƙewa a zuciya, ta sha kunu, shi ke nan.

Ban rufe baki ba tsohuwar nan ta miƙe kamar yarinya, ta banka labule, ta rangaɗa guɗa a tsakar gidan makoki.

"Ɗanlami ya dawo! Ɗana ya tuba kafin ya tafi! Dattijo ne shaida!"

Matan zumuntar cocinmu suka ɗauki waƙa da tafi. Goggo ta ce babu Fadan da zai taɓa mata gawa, kusa da ubansa za a sa shi a bayan cocinmu. Samarinmu suka ɗauki diga da shebur suka ruga. Fastonmu ya rungume ni yana cewa na fizgo rai daga bakin rami, kuma in faɗa muku gaskiya, na ɗan ji daɗin rungumar. Samarin Katolika kuwa suka baro nasu haƙan da laka a ƙafa, suka tsaya a ƙofar ɗakin da gawa take, suka ce sai dai a bi ta kansu. Mutanen da suke aro wa juna garma suka fara nuna wa juna yatsa. Mai unguwa yana ta cewa, "Ku ji tsoron Allah, gawa fa ce a kwance," babu mai jin sa.

Ana cikin haka Fada ya iso a babur, ƙura har gira. Bai ma gama jin bayani ba Sisiliya ta fito daga ɗakin da mata suka kewaye ta. Ta tsaya a gabana, muryarta ta dushe don kuka.

"Baban Rifkatu," ta ce, kamar yadda take kira na da sunan 'yata, "ni ba ina zaune a tabarma a gindin gadon ina yi masa fifita ba?"

Wallahi sai a lokacin na tuna. Tana nan. Har gaisawa muka yi.

"Faɗa musu abin da ya ce."

Na ce, "Cewa ya yi... na tuba."

"Sai me?"

"Na bi Allah."

Fastonmu ya ce, "Amin!"

"Ƙarasa," in ji Sisiliya.

Na duba ƙasa ko za ta tausaya ta buɗe. Ba ta buɗe ba. Na ce, "Na bi ka. Ka ƙyale ni in yi barci."

Wani a bayan taro dariya ta kuɓuce masa, ya yi maza ya mayar da ita tari. Fasto ya zare hannunsa daga kafaɗata a hankali, kamar mai ajiye abu mai zafi. Sisiliya ta ce ita ta mayar masa da carbin bayan na fita, kuma yana hannunsa ya cika. Fada ya ce, ba da ɗaga murya ba, shi ma ya je da yamma ya yi masa addu'ar marasa lafiya ya shafa masa mai. Bai ko kalle ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Goggo ta sulale ta zauna a ƙasa. Sai a lokacin kukan ya zo mata, irin wanda ba ya fita da ƙara. Ta ce, "Ashe sau biyu za a yi mini mutuwa yau." Ta ɗaga kai ta dubi Fasto. "To yana ina?"

Fasto ya ce Allah ne ke ganin zuciya, kuma duk wanda ya dogara ga Yesu da gaske ba zai kunyata ba. Wani dattijo ɗan'uwana ya yi gunaguni cewa amma dai a cikin 'yan Katolika ya mutu. Fada ya durƙusa ya ce, "Mama, mu duka ga jinƙan Allah muke sa zuciya, mu da ku." Ta saurari kowa. Sannan ta juyo ta dube ni, ni da na fi kowa sani. Takalmana nake kallo.

A bayan cocin Katolika aka binne shi. Goggo ta tsaya daga gefe, matan zumunta biyu suna riƙe da ita, ba ta shiga waƙarsu ba, ba ta kuma tafi ba. Ramin da samarinmu suka fara haƙawa an mayar da ƙasarsa, amma wurin ya lotsa, ruwa na kwanciya a ciki da damina. Ramin Dattijo ake ce masa har gobe. Majalisar dattawa ta ce in ɗan huta da hawa bagade yin wa'azi, hutun da ya yi tsawo har na fara ƙiba. Sisiliya kuwa tana gaishe ni idan mun haɗu, gaisuwar da babu abin da za ka kama a cikinta.

Abin da na koya, in ma na koyi wani abu, shi ne idan za ka tura mutum wuta da wasa, ka fara waiga ka ga ko uwarsa na zaune. Shi dariya yake yi, ita kuwa ajiyewa take yi.

Amma hali ba ya jin magana. Bayan an share makoki na zauna na yi bincike kamar mai shirin jarrabawa, na haɗa ayoyi sababbi, har da labarin ɓarawon nan da aka gicciye tare da Yesu, wanda bai shiga cocin kowa ba. Na ɗauki Littafina na tafi wurin Goggo. Na same ta a inuwar rumbu, ta rame, tana tsince wake. Na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce. Sai na gyara zama na buɗe Littafi na ce, "Goggo, na sake dubawa da kyau. Yanzu ina tabbatar miki Ɗanlami yana sama."

Ba ta ko ɗago daga faifan waken ba.

"Rufe, ɗana. Ni dai tun da nake zuwa cocin nan, ko makullin ɗakin ajiye kujeru ban ga an ba ka riƙo ba. Na Mulkin Sama wa ya ba ka?"