Rasuwar Tsohuwa, Kwamfutar Ɗakin Gwajin Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni 'yar marigayi mai ɗakin gwajin jinin da ke saman shagon gilashin ido, a madadin mahaifiyata da ma'aikatanmu uku, nake sanar da rasuwar kwamfutarmu, wadda kowa ya sani da Tsohuwa. Ta rasu ranar Litinin da hantsi a kan teburinta na gindin taga, lokacin da masanin tsaron kwamfuta da muka kira ya sunkuya ya zare wayarta daga bango. Shekararta goma sha huɗu a bakin aiki.

Marigayiyar ba kyakkyawa ba ce, ba za mu yi mata ƙarya don ta mutu ba. Fara aka saye ta, ta rasu da launin haƙorin tsoho. Idan aka kunna ta da safe sai ta ce "ƙiiit" sau ɗaya, ta bi shi da "gurrr, tak-tak-tak", sannan ta yi minti bakwai tana shawara da kanta ko za ta yi aiki yau. A cikin mintunan nan Baba yake wanke hannu, ya sa farar rigarsa, ya jera kwalaben jini. Bai taɓa yi mata tsawa ba, mu da ya haifa kuwa mun sha.

Babban halinta na gari shi ne riƙon amana. Duk wanda aka taɓa ɗaure wa dantse aka ɗebi jininsa a ɗakin nan, sunansa na cikinta, da sakamakonsa, da lambar ɗan'uwansa na kusa. Ta san mai cikin da ba ta gaya wa mijinta ba tukuna. Ta san mai ciwon suga da ke shan lemo a ɓoye, ta san masu ciwon da ba a faɗar sunansa da ƙarfi. Baba ya juya fuskarta ga bango don kada masu jira a kan benci su leƙa, kuma ba a taɓa jin maganar kowa ta fita daga bakinta ba.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga ciwon ajalin Baba. Da ƙafa ta hana shi hawa bene, aka sa mata wata manhaja da ke ba shi damar shiga cikinta daga gadonsa a gida. Muna zaune a ɗakin gwajin sai mu ga 'yar kibiyar nan ta kan allo ta motsa, babu hannun kowa a kan linzamin da ake jan ta da shi. A hankali take tafiya, ta kewaye suna sau biyu kafin ta buɗe shi, don hannunsa ya fara rawa. Sai mai ɗibar jini ta gyara tsayuwa ta ce Baba ya shigo. Bayan rasuwarsa ya kamata in rufe wannan ƙofa, in canza kalmar sirrinsa. Na sani sarai. Hannuna ne ya ƙi, na bar komai yadda ya bari.

Bara muka ce mu ma za mu bi zamani. Sakamako zai riƙa zuwa wa mutum ta waya, layi ma ta waya za a kama. Na zauna na rubuta abubuwan da za a fara yi: allon suna mai haske, sababbin kujeru, shafin intanet mai hotona ina murmushi da kwalba a hannu. Tsaro ya zo a ƙarshen takardar, ƙasa da labule. Masanin nan tun lokacin ya ga ƙofar Baba a buɗe, ya ce a rufe. Na ce masa sai an gama da labule.

Wata Laraba da tsakar rana, ma'aikata sun fita cin abinci, ni kaɗai a ɗakin, na ji "tak-tak-tak". Na waiwaya, kibiya tana tafiya. Ta gangara jerin sunaye, ta buɗe ɗaya, ta rufe, ta buɗe wani. Na yi karatu, na san wanda aka binne ba ya riƙe linzami. Duk da haka na miƙe tsaye na ce, "Sannu da zuwa, Baba." Kibiyar ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba da aikinta.

Ban gaya wa ma'aikata ba, ban kira masani ba. Mama na gaya wa. Ita da ba ta taka benen nan ba tun rasuwarsa, washegari sai ga ta tana hawa tana hutawa. Na juyo mata da fuskar Tsohuwa daga bango, ta zauna ta zuba ido. Da kibiya ta motsa, sai ta kama bakin mayafinta ta ce, "Kin gan shi ko? Ko da ransa haka yake, in yana aiki ba ya kallon mutum." Daga ranar kullum da tsakar rana sai ta zo, ta ba shi labarin jikoki, ta kai masa ƙarar mai gyaran famfo. Na lura kibiyar ba ta kewaye suna sau biyu, sauri take yi kamar ana kora ta. Na ce a raina ai ya huta da rawar hannu. In za mu tashi aiki ma ba na kashe ta, kada ya zo ya tarar da ƙofa a rufe. Haka muka yi kwana goma sha tara.

Ranar Litinin wata tela, tsohuwar mai zuwa wurinmu, ta hawo bene ba ta ko zauna ba. Shekara shida tana ɓoye wa 'ya'yanta ciwon da ke cin ta, tana shan magani tana taka keke. Wasu da ba ta sani ba sun yi mata barazana ta waya cewa za su tona asirinta, ta share su, sai suka tura takardar sakamakonta ga 'yarta, mai lambar da ke rubuce a wurinmu. Ta ajiye min wayar a kan tebur, ga tambarinmu a saman takardar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "'Yar nan, mahaifinki shekara huɗu yana riƙe min maganar nan, ko matarsa ba ta ji ba. Ke shekara biyu kawai aka bar miki." Gara a ce ta mare ni.

Masani ya zo ya duba, ya ce masu kutse ne suka shigo ta ƙofar Baba da tsohuwar kalmar sirrinsa, kuma sun kwashe komai. Ya zare waya. Tsohuwa ta yi "fuuu" ƙasa-ƙasa, fankarta ta juya sau biyu ta tsaya. Yana cike takardar rahoto ya tambaye ni yaushe na fara lura da wani abu. Na ce yau. Ya rubuta yau.

Marigayiyar ta bar firinta guda, abokin zamanta, wanda har yanzu yakan ja takarda shi kaɗai ya fito da ita fara. Ta bar sabuwar kwamfutar da ba ta san kowa ba. Ta bar mutum dubu huɗu da ɗari biyu da suka ba ta asirinsu. Ta kuma bar wata ita, kwafinta cikakke, a wani ɗaki da ba mu san inda yake ba, a gaban wani da ba mu san fuskarsa ba. Wannan ba za mu iya binne ta ba, kuma ita ce nake ji a bayana duk lokacin da waya ta yi ƙara.

Wasiyyar da muka ɗauka daga mutuwarta gajera ce. Kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa, kuma sai an turo masa lamba ta waya kafin ya shiga. Wanda ya bar aiki ko ya bar duniya, a rufe ƙofarsa a ranar, ko da kuka ake rufewa. Wanda ya ga abu ya motsa babu hannu, ya yi ihu kafin ya yi gaisuwa.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe a bayan gini. Masani zai ciro faifan ajiyarta, a huda shi wuri huɗu da injin huda ƙarfe, ni zan riƙe injin. Ba za a yi zaman makoki ba, domin daga nan zan zauna in kira mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, da bakina, in gaya musu abin da ya fita. Ina roƙon masani ya ɗauki wannan sanarwa a matsayin gyaran rahotonsa: ya goge yau, ya rubuta kwana goma sha tara, ya sa sunana a gefe.

Mama ta ce za ta zo da wuri, an goge mata kayan da Baba ya fi so. Ita dai an ce mata kwamfuta ta tsufa ne, kuma ta roƙi a kunna ta ko na minti ɗaya don ta yi masa sallama. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, don girman Allah, kada ya riga ni gaya mata wanda take ba labarin jikokinta.