Giyar Laka a Kan Kwalta

Na daɗe ina jin nauyin rubuta wannan. Tun da na sayi tsohuwar jif, fargabata kada ta maƙale. Da damina na shiga Garo, na sa mata giyar laka mai jan ƙafa huɗu, na bar ta haka wata uku, har a kan kwalta. A ganina rigakafi ne. Sai ta fara gurnani.

Bakanike a Gwarzo ya leƙa ya ce, "Baba, giya ta tafi. Wace laka ka gani a titi?"

Na sayar da raguna biyu, gyara bai ƙare ba. Yanzu ko masallaci na nufa a ƙasa, maƙwabta cewa suke, "Malam, ka cire giya?"

Don Allah, wanda ya san inda ake samun giyar mota ta hannu da sauƙi, ya gaya mini a asirce.