Yadda Alhaji Uzairu Ya Koyar Da Natsuwa

Duk unguwar Gardole ta Njamena babu wanda Allah ya hore wa natsuwa kamar Alhaji Uzairu mai yadi, kuma shi da bakinsa yake faɗa, sau biyar a wuni. Tun da ya je saro kaya Dubai ya faɗa wani taron kwana biyu a otal, ya dawo da sabon ilimi, wato shaƙar iska da fitar da ita. Mu da muke ta numfashi tun ranar haihuwa, ashe a jahilce muke yi. Unguwa ta raɗa masa Shehu Shiru, shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce.

"Ni yanzu zuciyata tafki ce," in ji shi a bakin shago. "Ko kasuwa ta kama da wuta, sai na gama shaƙa huɗu kafin in waiwaya."

Sai dai natsuwar tasa tana da tsada ga na kusa. Idan ya harɗe ƙafa a kan darduma, matarsa Hansai ba ta daka, ba ta soya albasa, tafiya ma da sanɗa. Zakaran gidan ya yi cara sau ɗaya a lokacin da bai dace ba, washegari aka ci shi da shinkafa.

Ana haka kujerar mai sulhu ta ƙungiyar 'yan kasuwar Hausawa ta zama babu kowa. Uzairu ya ƙwallafa rai a kanta, har ya ba da ɗinkin babbar riga. Dattawa suka aiko cewa Malam Falalu, tsohon da maganarsa ce ke yanke komai, zai zo bayan la'asar ya gan shi.

Alhaji ya shirya tsaf. Ya ce wa Hansai, "In sun zo, ki shigo da su ba sallama. Su tarar da ni a cikin halin natsuwa. Daga baya su bayar da labari."

Tun ƙarfe biyu ya zauna, ido a rufe. Aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, zafin Njamena ya shigo ya zauna tare da shi. Gumi ya jiƙa rigar, ƙafa ta yi tsami. Can sai ya ji tari a bakin ƙofa. Ya shaƙa. Aka sake tari. Ya tabbatar wa kansa Idris ne, ƙanen Hansai, mai zuwa shan shayi kullum ba gayyata. A tari na uku tafkin ya ɓalle.

"Wane jaki ne wannan? Mutum yana ganawa da ruhinsa, kai kana masa haushi a ka? Fita ka mutu a waje!"

Ya buɗe ido. Malam Falalu ne tsaye, dogare da sanda, dattawa biyu a bayansa. Sun zo da wuri don su kama motar komawa unguwar Gasi kafin cunkoso, Hansai kuma ta bi umarni ba ta ƙara ko wasali ba. Kunya ta kama Alhaji har ya manta yadda ake fitar da iskar da ya shaƙa.

Tsohon ya gama tarinsa a tsanake, ya goge baki, ya juya.

"Kalas, shi ke nan, Alhaji, kada mu katse ka," ya ce. "Ci gaba da numfashinka. Abin da muka zo ji, mun ji."