Dokar Katin Jariri

A wani daji da ke gefen wani tafki, wanda ba ya ƙafewa sai dai ya ja baya, aka yi wannan al'amari. Waɗanda ya shafa su biyar ne: Gadu, wanda shi ne Sarkin Wasa; Jimina, abokiyar hamayyarsa; Hawainiya, magatakardar majalisar wasa; Baba Damo, wanda ya fi kowa daɗewa a majalisar; sai Goggo Bushiya, uwar 'ya'ya huɗu.

Dabbobin dajin suna da wata karta ta ɓawon itace. Kowane kati da zanen dabba a jikinsa, ƙarfinsa kuma gwargwadon ƙarfin dabbar. 'Yan wasa biyu sukan zauna a tabarma, kowa ya baza katunansa, a yi ta bugu bi da bi, kowane bugu yana rage ƙarfin kati har ya mutu. Wanda nasa suka mutu duka ya faɗi. Wanda kuma ya tashi daga tabarma kafin a gama, ko da kunama ce ta harbe shi, shi ma ya faɗi. Ran kasuwa ana musayar katuna a gindin kuka. Ƙarshen kaka a yi gasa, wanda ya ci, shi da iyalinsa ke fara shan ruwa a tafki dukan rani, kafin manya su shiga su dama shi ya koma kamar kunu.

Cikin katunan akwai na jarirai: ɗan zaki da idonsa bai buɗe ba, ɗan giwa mai tangaɗi, ɗan kada da ɓawon ƙwai a ka. Bugunsu bai wuce yakushi ba. Sai dai magabata sun ɗora musu doka guda: duk mai son ya bugi katin jariri sai ya jefa wuri, irin kuɗin dā, tukuna. In wurin ya faɗi a buɗe, ya buga. In ya kife, bugunsa ya wuce shi. Ba wanda ya damu da wannan doka, domin ba wanda ya damu da jariran. Gyara ake yi da su in an gama musaya.

Goggo Bushiya ba ta da abin musayar zaki. Abin da take yi shi ne, duk cinikin da ta yi sai ta ce, “Ɗan nan, ba gyara?” A jefa mata jariri. Da haka ta tara arba'in. Ta shiga gasa, manya suka yi ta jefa wuri yana kifewa, jariranta suna yakushi kaɗan-kaɗan har zakoki suka zube. Shekara biyu a jere 'ya'yanta suna shan ruwa garau, zawon da yake kama su kowane rani ya rabu da su.

Gadu yana da katin zaki bakwai. Da damina ta tsaya ya kira majalisa, ya gyara murya.

“Jama'a, ba don kaina na tara ku ba,” in ji shi. “Ni ruwa ko na taɓo ne sha nake yi, kun sani. Abin da ya hana ni barci shi ne halin da jarirai suke ciki. Tun da aka ga dokar wuri tana kare su, kowa sai ya kwaso su ya jera a bakin daga. Wace irin zuciya ce wannan? Shawarata, a cire musu kariyar nan baki ɗaya, a buge su kamar kowa. In aka ga ana kashe su, za a daina kawo su. Tausayi ke nan na gaskiya.”

Hawainiya ta koma launin ƙasa irin na Gadu, ta ce, “Ranka ya daɗe, ka cire mini magana daga baki.”

Goggo Bushiya ta miƙe, ko da yake miƙewarta da zamanta duk ɗaya ne. “Ranka ya daɗe, shekara nawa dokar nan tana nan ba ta hana ka barci ba? Ko bana ne aka haifi jariran?”

“Goggo, ba da ke ake ba,” in ji Jimina. “Wa ya ambaci sunanki?”

“Ai Yaya, wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.”

Aka juya ga Baba Damo. Ya ce shi dai ya ji magabata suna cewa in za ka haƙa ramin mugunta, haƙa shi gajere. Majalisa ta yaba da hikimarsa, sannan ta soke dokar wuri.

Kafin kasuwa biyu, katin jariri ya zama abin fifita wuta. Sai ga Hawainiya a ƙofar Goggo Bushiya, wai Sarkin Wasa yana son ashirin domin jikokinsa su yi wasa, ga katin zaki guda mai tsagaggen gefe. Washegari ta komo da wani launi, wai Jimina tana son sauran domin ta shimfiɗa a sheƙa, ga katin kura. Goggo Bushiya ta san ruwa ba ya tsami banza, amma gasa ta ƙarato, jariri ba kariya kuwa nama ne. Ta bayar.

Ana saura kwana uku gasa aka sake kiran majalisa. Gadu ya zo idonsa ya yi ja.

“Jama'a, babba shi ne mai karɓar kuskurensa,” in ji shi. “Na zaga filayen wasa, na ga yadda ake yi wa jarirai kisan gilla, na yi kuka. Ashe magabata ba su yi wauta ba. Abin da suka yi kawai shi ne ba su kai ƙarshe ba. Yaya za a rataya ran jariri a kan wuri? Daga yau ba a bugun jariri, ko wuri ya buɗe ko ya kife.”

Ya saurara ya ji musun Jimina, domin ko cewa ya yi rana ta fito takan ce a kafa kwamiti ya duba. Sai ya ji ta ce, “Na goyi baya.” Abin ya ɗan tsaya masa a rai, amma tafi ya rufe shi. Hawainiya kuwa rabin jikinta ya yi launin ƙasa, rabi ya yi na gashin jimina, tana ta rubutu ba ta ɗaga kai ba.

Ran gasa, a zaman farko Goggo Bushiya ta haɗu da Gadu. Zakinta da kurarta suka tsaya suna kallon jariran da ta tara da hannunta, ba halin taɓa su, har aka yakushe su suka mutu. Ta naɗe ta koma gefe, tana tunanin ruwan kunu da cikin ƙaramin ɗanta.

Zaman ƙarshe ya rage Gadu da Jimina. Gadu ya baza jarirai ashirin. Jimina ta baza jarirai ashirin. Suka dubi juna, sannan suka dubi Hawainiya, wadda ta riga ta koma launin tabarma.

“Buga mana, ranka ya daɗe,” in ji Jimina.

“Wa zan buga?”

“Ai kai ka san doka.”

Aka wuni. Aka kwana uku. Ran na huɗu wani ya ce a kira majalisa ta gyara dokar. Sai aka tuna majalisa ba ta zama sai Sarkin Wasa ya hau kujerarsa, kujerar kuwa tana gindin kuka, wanda ya tashi daga tabarma kuma ya faɗi. Aka roƙi Jimina ta haƙura. Ta ce wuyanta dogo ne, haƙurinta ya fi shi.

Da tafki ya fara ja baya, dabbobi suka taru suna tambaya wa zai fara sha. Baba Damo ya buɗe ido ɗaya.

“Tun ina yaro,” in ji shi, “mai riƙe da mashaya ba ya saki sai an sami sabon gwani. An samu?”

Aka ce ba a samu ba tukuna.

“To, Goggo, kira 'ya'yanki.”

Haka aka ƙare ranin nan. Kullum da safe bushiyoyi biyar su sha su koma, manya su shiga su dama, sannan Hawainiya ta ɗebi abin da ya saura a ƙoƙo ta kai wa masu tabarma. Goggo Bushiya takan biyo ta wajen ta gaishe su, ta tambayi lafiyar jarirai. Gadu ya ce lafiya lau. Ta ce madalla, ai abin da ake nema ke nan.

Iyakar abin da ya zo kunnena ke nan. Inda na yi kuskure, ina roƙon masu karatu su gyara mini, domin ni ba a kan tabarma nake ba, ina iya tashi.