Rasuwar Shuɗiyar Kular Gidan Byeon

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da har yau bai dawo hayyacinsa ba, Byeon Sang-uk na birnin Daejeon yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kular ƙanƙarar gidansu, shuɗiyar nan mai farin murfi. Rai ya yi halinsa a bayan mota, a kan hanyar dawowa daga hutun bakin teku. Maƙwabtan bene ba sa buƙatar sanarwa, tun ranar da aka shigo da gawar suka sani.

Marigayiya ta girmi auren Sang-uk. Mahaifinsa ne ya saye ta, ya rubuta sunansa a murfin da jan fenti, kuma tun da tsohon ya kwanta dama wannan karkataccen rubutun ne kaɗai abin hannunsa da ya rage a gidan. Duk lokacin zafi da ita ake tafiya. Ta riƙe kankana da naman gashi da ruwan sha'ir, ta zama kujera, ta zama tebur, ba ta taɓa tona asirin abin da aka ba ta ajiya ba. Maganarta ba ta wuce "ƙiii" in an buɗe ta, da "ƙwas" in an rufe, sai "kwacal-kwacal" a kan gargada idan ƙanƙara ta narke. Riƙon amanar nan ne ya yi ajalinta.

Ciwon ya samo asali a garin Mokpo, inda iyalin suka yada zango a gidan Pyo Deok-bae, wanda ya riƙe Sang-uk kamar ƙane a aikin soja, har yau Sang-uk Yaya yake ce masa. Aka kawo musu hongeo, kifin nan mai faɗi da ake barinsa ya ruɓe da gangan, mai warin bayan gidan tasha. 'Yar Sang-uk, Da-som, ta ce za ta duba wani abu a mota, ba ta dawo ba. Sang-uk ya tauna yana hawaye, ya rantse bai taɓa cin irinsa ba, wanda kuma gaskiya ne. Yaya ya ji daɗi ƙwarai. Uwargidan Sang-uk, Ok Mi-ran, da ta san halin mijinta, ta ja shi gefe wajen saka takalmi.

"Baban Da-som, in kifin nan ya shiga motar nan, ni jirgin ƙasa zan hau."

Tana juya baya Yaya ya danƙa masa ƙunshi guda na kifin. To wa zai mayar da kyautar babba? Ya sunkuya ya karɓa da hannu biyu, ya cusa a ƙasan kula, ya danne da kankana, da niyyar zubarwa a gaba.

A filin kafa tanti na gaɓar Haenam mai kula da wurin ya ce kowa da shararsa yake komawa gida. Teku kuma cike take da yaran mutane, ga nauyin idon Yaya da yake ji a ƙeyarsa. Ƙanƙara ta narke, ƙara wata kuwa sai an buɗe murfi, buɗe murfi kuma tonon asiri ne. Sai Sang-uk ya ce makullin ya cije, ya hau kan marigayiya ya zauna kamar kaza a kan ƙwai, a tsakiyar zafin Agusta, iyali na cin taliyar kanti alhali ga nama a ƙarƙashinsa yana lalacewa. Da wari ya fara sulalowa ya ɗora wa ciyawar teku laifi, daga baya ya koma kan takalman Da-som, yarinya ta wanke su tana kuka. Masu tantin kusa suka tattara suka koma nesa ba sallama. Ƙudaje ne kawai suka tsaya da shi.

A Yeosu, ƙawar Mi-ran ta makaranta ta fito tarbarsu da murna, ta sunkuyo tagar mota, sai nan take ta tuna surukarta na gida ba lafiya. A bakin titi aka yi zumuncin, a tsaye, daga nesa.

A cunkoson babbar hanya marigayiya ta yi kalamanta na ƙarshe. Ta ce "fusss", murfi ya ɗaga da kansa. Kankana ta fashe, nama ya yi kore, kifin Yaya na iyo a wani ruwa mai launin toka da kumfa, ruwan kuma ya bi ta ƙarƙashin kujeru. Da-som ta yi amai a hular uwarta. Mi-ran ba ta ɗaga murya ba, ta dai dubi ƙunshin, ta dubi mijinta, kuma ya gwammace da zaginsa ta yi.

An yi jinya iyakar ƙarfi. Sang-uk ya wanke ta da ruwan zafi, ya zuba gawayi da garin kofi, ya shanya a rana, warin ya riga ya shiga jikin robar. Ya kwance murfin ya ɓoye a baranda don ya tsira da rubutun mahaifinsa, matar bene na ƙasa ta hau da kanta tana tambaya ko wani abu ya mutu. Ya ce e, kuma da gaske yake. Abin ya ci masa rai sosai.

Marigayiya ta bar Sang-uk, da Mi-ran wadda yanzu ta bakin Da-som take masa magana, da tanti, da murhun gas, da motar gida da ke kwance rai a hannun Allah, tagogi a buɗe.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a wurin ajiye manyan shara na bayan bene, an riga an liƙa mata takardar hukuma ta izinin zubarwa. Da murfin za ta tafi. Ba za a buɗe gawa ba.

Ana kuma sanar da masu ta'aziyya cewa Yaya Deok-bae ya bugo waya. Sang-uk ya shaida masa tun a ranar suka cinye kifin har suna lasar yatsa, kula kuma tsufa ne ya kashe ta. Yaya ya ce, "Kular Baba? Ai ni ma na sha ruwanta. A garinmu ba a zaman makoki babu hongeo, ƙanena. Ina tafe da sabuwar kula, cike fal."

Mi-ran ta riga ta yanki tikitin jirgin ƙasa. Sang-uk zai tsaya a bakin ƙofa, ya sunkuya, ya karɓa da hannu biyu, yadda mai rubutun murfin ya koya masa.