Yaƙin Sallau da Silin Falo

Wannan tarihin Sallau ne, ɗan Barau, ɗan Mantau, ɗan Tanko Mai Azara, zuriyar da tun kaka da kakanni ba a taɓa jin rufi ya faɗo wa ɗayansu a ka ba, sai a zamanin shi Sallau, Garkuwan Layin Masallaci, Sadaukin Bayan Tiransifoma, wanda silin kwalin falonsa ya sha ruwan damina har ya yi ciki, sannan ya saki jiki ana tsakar cin tuwo.

Musibar ba ta zo ita kaɗai ba. Saƙo ya iso cewa surukinsa Alhaji Nomau, mahaifin matarsa Lantana, yana tafe daga Ɗambatta ranar Juma'a. Dattijon bai taɓa taka gidan ba, kuma tun ɗaurin aure ake raɗe-raɗin ya ce yana shakkar ko yaron nan zai iya rufa wa 'yarsa asiri. Sallau, gwanin tafsirin maganar manya, ya dubi ramin da ke bisa kansa, ya tabbatar rufi ake nufi.

Sai ya yi ɗamara, ya hau ingarman babur ɗinsa mai tari, ya yi wa kasuwar Ƙofar Ruwa tsinke, inda rundunoni uku suka ja masa daga.

Ta farko kwali, wanda ya ci amanarsa, ko da yake talaka ne mai gaskiya: ruwa na taɓa shi zai nuna tabo. Ta biyu roba, mai santsi da walƙiya, wadda ko ɓera ya mutu a bayanta murmushi take yi. Ta uku fiyofi, silin da ake zubawa da farin siminti, basarake mai nauyi, wanda in ya faɗo wa mutum ba a wahalar da likita.

A nan mai hankali zai tsaya. Wa ya fi zama masoyi, wanda ke tona aibinka don ka gyara, ko wanda ke ɓoye shi har ya kashe ka? Kuma wanda ya ƙawata ɗaki don suruki, zumunci ya yi ko riya? Na daɗe ina juya wannan mas'ala ban ga ƙarshenta ba. Sallau ya warware ta nan take.

"Wanne ya fi ƙyalli?"

"Roba, yallaɓai, mai zanen zinare," in ji mai shago. "Wannan ko makaho ya shigo sai ya ɗaga kai!"

"Allahu Akbar! A ɗaure!"

Kafintoci suka kai farmaki, guduma ta yi tsawa, ƙusoshi suka yi shahada bila adadin, har fatahi ya tabbata.

Ranar Juma'a Alhaji Nomau ya yi sallama. Ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa, ya sunkuyar da kai, kamar yadda dattijo mai kunya ke yi a gidan mijin 'yarsa. Sallau ya durƙusa a bakin ƙofa, shi ma kai a ƙasa. Aka gaisa, aka sake gaisawa.

Sadauki ya kunna fitila da rana tsaka. Kai bai ɗago ba. Ya kunna fanka. Bai ɗago ba.

"Baba, ai zafi ya ragu a ɗakin nan."

"To, alhamdu lillahi," in ji dattijo, ido a ƙasa.

Ba a kuwa haifi Bahaushen da zai ce wa surukinsa "ɗaga kai" ba. Haka zinare ya yini yana ƙyalli bisa ƙeyar mutum biyu.

Da la'asar, a zaure, Sallau na laɓe bayan ƙyaure, ya ji hukuncin da dattijo ya yanke, yana faɗa wa 'yarsa.

"Mijinki akwai kunya, Allah ya yi masa albarka. Sai dai ki faɗa masa ledar falon nan ta mutu. Na ƙare mata kallo."