Mai Gadin Lambu da 'Ya'yan Shaya

"Wai shi wannan ɗan abin, dangin wa ne?"

Tambayar da wata mata ta jiyo mijinta na yi ke nan, tana tsaye bayan shingen lambu da kwanon abincinsa. Shi kuwa mijin irin mutanen nan ne da kafin ka buɗe baki sun riga sun sani. Kwanansa uku da samun aikin gadin lambun.

Mai lambu ya ɗora abin a tafin hannu, ɗan ja mai ɗige-ɗige baƙi, bai kai ƙwayar wake ba. Ya ce, "Ƙwaro ne, ƙafa shida. Shi ke cinye min darɓar da ke kashe ganye. Da ƙyar na tara su. Ka kula da su, in suka salwanta ka nemi wani aikin."

Ƙwaron ya buɗe baya ya tashi fir.

Mai lambu na ba da baya, gogan ya taɓe baki. "Kin ji 'yan boko? Abu da fiffike, yana tashi, wai ƙwaro! Tsuntsu ne bai girma ba."

Ta sunkuyar da kai. "Maigida, ai ƙuda ma yana..."

"Ke! Da ilimin aji uku za ki ja da ni?"

Ta ajiye kwanon abincin a gindin shinge.

Ya ɗaga kai, sai ga shaya, tsuntsuwar nan mai sheƙi, tana shige da fice a kogon bishiya.

"Yauwa, ga uwarsu can! Dubi sheƙin bayanta, dubi nasu. Jini ba ya ɓuya. An bar yara a ƙasa rana na dukansu, uwa na sama tana cigiya. Wannan shi ne kulawa?"

Wuni ya yi yana bin ganye ɗaya bayan ɗaya har ya cika gwangwani da ƙwarin. Ya jingina tsani, ya hau yana nishi, ya juye su a bakin kogon. Shaya ta leƙo. Caf! Caf! Ta yi kuka ɗaya, sai ga 'yan'uwanta sun cika reshe.

Ya leƙo ƙasa yana washe baki. "Kin gani? Har dangi sun zo barka!"

Matar na kallo har ɗan ja na ƙarshe ya wuce maƙogwaro. Ta sa gefen mayafi ta rufe baki, ta ƙudura ko mahaifiyarta ba za ta ji wannan ba.

Da yamma mai lambu ya dawo, ya ɗaga wannan ganye, ya ɗaga wancan. Wayam.

"Ina ƙwarina?"

"Na mayar wa uwarsu, ranka ya daɗe." Ya nuna kogon.

Mai lambu ya dafe kai. "Shaya ka kai wa? Sakaran banza, ai cinye su ta yi!"

Gogan ya karkaɗe hannu. "To, ranka ya daɗe, tsakanin uwa da 'ya'yanta ni wane ne da zan sa baki?"